An ce in sa hannu, ga shi hannun ne inji ya cinye

Filin tambayoyin masu karatu a kan aiki da haƙƙin ma'aikaci

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ya iyali, ya ƙarfin jiki? Ƙanwata ce take rubuta wannan saƙon a waya ina faɗa mata, don hannuna na dama a naɗe yake. Shekarata 26, shekara uku ke nan ina aiki a wani kamfanin roba, a kan injin da ke niƙa tsofaffin robobi. Sati biyar da suka wuce muna aikin dare, wata tsohuwar jarka ta maƙale a bakin injin, daidai lokacin aka ɗauke wuta. Na ce bari in ciro ta kafin a tada janareta. Hannuna yana ciki wuta ta dawo. Yatsu huɗu sun tafi, babban ne kawai ya rage. Kamfani sun kai ni asibiti, sun biya kuɗin aiki da na magani, ba zan yi musu ƙarya ba. Yanzu manajan ma'aikata ya kira yayana ya ce za su ba ni naira dubu ɗari uku, amma sai na dangwala a wata takarda ta Turanci cewa magana ta ƙare. Ya ce wannan ma alfarma ce, tunda ni ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangila ne ya kawo ni, kuma ni na kai hannuna da kaina. Hajiyarmu ta ce ƙaddara ce, in karɓa in yi haƙuri, talaka ba ya shari'a da mai kuɗi. Ina da mata da 'ya ɗaya. Baba, in karɓa?

Daga wani ɗanka a Kano. An sakaya sunansa.

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Sannu. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne, ya yi wa ƙanwar nan taka albarka.

Kada ka dangwala. Ka ce wa yayanka ya koma wajen manajan cikin mutunci, ya gode masa a kan kuɗin asibiti, ya nemi kwafin takardar ya ce za a kai wa wanda ya iya karatu ya duba. In ya bayar, to madalla. In ya hana, ka riga ka san abin da ke cikinta.

Bari in faɗa maka dalilin da ya sa na fara da wannan tun kafin in kawo maka doka. A shekarun 1980 ina aiki a wata masaƙa a Kaduna, kuma ni ne wakilin ƙungiya a sashenmu. Wani abokin aikina, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya, injin sarrafa auduga ya kama hannun rigarsa ya ja shi har gwiwar hannu. Ina nan tsaye, tazararmu ba ta fi taku biyar ba. Abin da ban manta ba har yau shi ne bai yi ihu ba, kallon injin kawai yake yi kamar wanda aka yi wa ƙwace a kasuwa. Bayan ya warke aka kira shi ofis, aka lissafa masa kuɗi a dunƙule bisa tsohuwar doka, aka turo takarda. Ya juyo ya dube ni. Ni kuwa da na ga adadin, kuɗin da ban taɓa riƙe irinsa ba, sai na gyaɗa masa kai. Ya biya bashi, ya aurar da ƙanwarsa, ya gyara ɗakin uwarsa da damina ta cinye, 'yan'uwa suka yi ta zuwa jaje kowa da tasa buƙatar. Kafin shekara ta zagayo babu ko sisi. Hannun kuwa bai tsiro ba. Na yi shekara da shekaru ina ganinsa yana gadin wani shago da dare, kuma duk ranar da muka gaisa sai na tuna ni na gyaɗa kai.

To kai ka yi lissafin nan da kanka. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira dubu saba'in ne. Dubu ɗari uku bai kai albashin wata biyar ba. Kai kuwa shekararka 26, kuma hannun dama ne.

Yanzu ga abin da doka ta ce. A ƙarshen 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Tsarinta shi ne duk mai ɗaukar ma'aikata, na gwamnati ne ko na kasuwa, zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya, wato NSITF, ke kula da shi. Daga aljihunsa zai biya, doka ta hana a yanke wa ma'aikaci ko kwabo saboda wannan. Idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, daga asusun nan ake biyan maganinsa da diyyarsa. Wanda rauni ya gama da shi gaba ɗaya, ba zai ƙara iya aiki ba, ana biyansa kashi casa'in cikin ɗari na albashinsa duk wata. Irin naka kuma, da ake kira nakasa ta dindindin amma ba ta gaba ɗaya ba, likitoci za su auna abin da ka rasa, a ƙiyasta yawan abin da raunin ya rage maka na samu, a biya ka kashi casa'in cikin ɗari na wannan giɓin. Hukumar tana kuma iya ɗaukar nauyin hannun roba ga wanda yake buƙata, da koya masa wata sana'ar.

Manajan nan ya faɗa wa yayanka abu biyu, kuma duka biyun ba su da ƙafa.

Ya ce kai ba ma'aikacinsu ba ne. Dokar da ta zo fassara wane ne ma'aikaci, ba ta tsaya a kan mai takardar ɗaukar aiki ba. Ta ambaci wanda aka ɗauka da baki da wanda aka ɗauka a rubuce, na dindindin da na wucin gadi, ɗan koyo da leburan rana, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Ta kuma hango dabarar nan ta ɗan kwangila: idan kamfani ya ba ɗan kwangila aiki a cikin masana'antarsa, nauyin zuba kuɗin yana kan su biyun. Kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai da yawa sun koma wannan hanyar ne don ranar irin wannan, a ce ba mu san shi ba. Shekara uku kana shiga ƙofarsu, maigadinsu yana caje ka, sufabaizansu yana ba ka umarni, injinsu kake tsaye a kai. Sun san ka sarai.

Ya kuma ce kai ka kai hannunka. Haka ne, kuma kuskure ne, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai wannan tsarin ba a gina shi a kan neman mai laifi ba. Tambayar da ake yi ita ce: a bakin aiki abin ya faru, kuma saboda aikin? In an ce e, haƙƙi ya tabbata. In ma laifi za a tona, to akwai tambayoyin da manajan ba zai so a yi masa ba. Injin da aka ɗauke wa wuta bai kamata ya tashi da kansa ba idan wuta ta dawo. Akwai na'urar makunni da ake sa wa manyan injuna wadda take sakin layi da zarar wuta ta yanke, sai mutum ya zo ya danna da hannunsa kafin injin ya juya. A ƙasar da ake ɗauke wuta sau ba adadi a rana, rashin wannan ba ƙaramin ganganci ba ne. Sannan me ya sa bakin injin ya zama hannun mutum yana iya kai wa wuƙaƙe? Ina ƙugiyar ƙarfe ta ciro abin da ya maƙale? Wa ya taɓa zaunar da kai ya koya maka? Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk wani ɓangare na inji mai haɗari, ta kuma hana a ɗora mutum a kan irin wannan injin ba a sanar da shi haɗarinsa ba, ba a horar da shi ko an sa mai lura da shi ba.

Game da takardar, dokar 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai gidansa cewa ya yafe haƙƙinsa na diyya, yarjejeniyar banza ce. Ke nan ko da ka dangwala, ƙofa ba ta rufe ba a wajen doka. Amma ba na so ka dogara da wannan. Takarda mai ɗauke da yatsanka makami ce a hannun lauyansu, za su yi shekara suna kaɗa ta a kotu kana kashe kuɗin mota. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai wa'adi, kuma a nan mutanenmu suke yin asara. Ma'aikaci zai sanar da mai gidansa cikin kwana 14 da faruwar abin. Kai wannan ba matsala ba ce, tunda su suka kai ka asibiti, ba za su ce ba su sani ba. Kamfani kuma doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Neman diyyar kansa cikin shekara ɗaya ake shigar da shi, sai in da wani uzuri na musamman ne ake ɗagawa zuwa shekara uku. Ka ci sati biyar. Kada ka yarda a yi ta ja maka rai da “oga ya yi tafiya” da “dawo bayan salla” har shekara ta cika.

Satin nan ka sa yayanka ya tattara duk abin da zai nuna kana aiki a wurin: katin shiga in kana da shi, saƙonnin banki na albashi, hoton da ka taɓa ɗauka da rigar aiki, lambobin waɗanda kuka yi aikin daren tare. Waɗannan na ƙarshe ku yi sauri, don mai shaida in ya ga aikinsa na rawa mantuwa takan kama shi, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Ku nemi rahoton likita a rubuce daga asibitin da aka yi maka aiki, da hoton ƙashi, da duk wani rasit. Sannan ku je ofishin NSITF na Kano ku tambaya kai tsaye: kamfanin nan ya yi rajista? Ya kawo rahoton haɗarin nan? Ku tambaya da sunan kamfanin, ku kuma tambaya da sunan ɗan kwangilar.

Ga inda ba zan yi maka daɗin baki ba. Abin da na sha gani shi ne kamfanoni da dama ba su yi rajistar ba, ko sun yi da ma'aikatan ofis goma sun bar ɗari biyu da ke kan injuna. In haka ta faru, neman naka zai yi tsaiko a hukumar, kuma ina zargin dalilin gaggawar manajan ke nan. A nan sai lauya. Shari'ar aiki da ma'aikata tana hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi ta gwamnatin tarayya tana da ofis a jihohi, kuma neman diyyar haɗarin aiki yana cikin abin da dokarta ta ba ta damar tsaya wa talaka a kai. Lauyan ne zai duba ya gaya maka ko ta hukumar za a bi ko ƙara za a shigar, don zaɓen ɗaya yana iya shafar ɗayan, kada ka yanke wannan da kanka. Sau da yawa ma ba a kai wa gaban alƙali. Wasiƙar lauya guda ɗaya takan sauya adadin da ake faɗa a ofis. Sulhu alheri ne, ba na hana ka. A yi shi dai ido buɗe, da wanda ya san darajar abin a gefenka.

Sai maganar Hajiya. Ka gaishe ta, ka ce mata na yarda ƙaddara ce, babu musulmin da zai yi musun wannan. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya yanka wa gaɓoɓin ɗan Adam daraja. A fiƙihunmu diyyar rai raƙuma ɗari ce, hannu ɗaya rabin wannan, kowane yatsa raƙuma goma. Ban ce hukuncin nan ne zai hau kan shari'arka kai tsaye ba, wannan na malamai ne. Na kawo shi ne don Hajiya ta ga cewa neman haƙƙin gaɓa ba rashin tawakkali ba ne. Tsoron da take ji kuwa na gaske ne, ta ga jiya ta ga yau. Ku lallaɓa ta, kada ku yi mata gardama.

Abu na ƙarshe, kada shari'a ta sa ka manta da hannun. Babban yatsan da ya rage maka dukiya ce, da shi ake kama abu. Ka je Asibitin Ƙashi na Dala a duba ka, ka kuma lizimci gashin ƙashi da motsa hannun yadda suka ce, ko da ciwo. Gaɓar da aka bari a naɗe wata da watanni sandarewa take yi.

TAMBAYA

Baba, ina gaisuwa. Maigidana yana aiki a kamfanin yin bokiti da kujerun roba. Ya ce injin nasu yana da ƙofa wadda in an buɗe ta injin yake tsayawa, amma an ɗaure wani abu a jikinta don ya ci gaba da aiki ƙofa a buɗe, wai a fi sauri. Mutum biyu sun riga sun ji rauni. Ba na iya barci in yana aikin dare. Babu hukumar da ke duba irin wannan ne?

Daga wata 'yarka a Dakata.

AMSA

'Yata, akwai. Ana kiran su sufetocin masana'antu, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sashen lafiya da kariyar ma'aikata, kuma ma'aikatar tana da ofis a kowace jiha. A takarda ikonsu babba ne. Suna iya shiga masana'anta da rana ko da dare, su duba injuna da littattafai, su yi wa ma'aikata tambayoyi, su ba da takardar a gyara, in abin ya yi muni su ba da takardar dakatar da injin. Doka ta kuma ce duk haɗarin da ya kashe mutum ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku, dole mai masana'anta ya kai musu rahoto. Mutum biyun da kika ce, da wuya in an kai.

A aikace kuwa sufetocin sun yi kaɗan, masana'antun sun yi yawa, tarar da ke cikin dokar kuma lissafin 1987 ce, 'yan dubban nairori da yau ba za su cika tankin janareta ba. A zamaninmu ranar da za a zo dubawa mukan sani tun da safe, don sai ka ga an fito da sababbin safar hannu da takalma daga sito, an mayar da murafen injuna, an share ko'ina. La'asar na yi a karɓe kayan a mayar. Ki tuna a 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda ne suka fito da ma'aikata sama da ɗari daga wata masana'antar shinkafa a Challawa inda aka tsare su wata da watanni. In har za a iya ɓoye mutum ɗari, ɗaure makunnin ƙofa guda ba wani abu ba ne.

Duk da haka ku rubuta. Ƙorafin da aka shigar a rubuce, aka buga wa kwafinsa hatimin karɓa, yana da nauyin da maganar baki ba ta da shi: ko sufeto ya zo, ko kuma ranar da wani ya ji rauni takardar ta zama shaida cewa an sani aka ƙyale. A faɗi wane inji ne, a wane sashe, me aka ɗaure, yaushe mutum biyun suka ji rauni. Kada maigidanki ya sa sunansa shi kaɗai, za a iya sallamarsa da wani dalili na daban. In akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin ta nan za a bi, in babu a nemi ofishin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, na jiha ya shigar.

Kafin nan ki gaya masa daga bakina: injin ɗin da yake faɗa yana haɗe ƙarfe biyu ne da ƙarfin da ake aunawa da tan-tan, hannu a tsakaninsu ba yankewa yake yi ba, dagargajewa yake yi, likita ba shi da abin ɗinkewa. In roba ta maƙale, ya kashe daga babban makunni, kuma ya tabbata babu mai iya kunnawa yana ciki. Ƙaramin kwaɗo na kasuwa ya isa, ya kulle akwatin makunnin ya sa makullin a aljihunsa har ya gama. Sufabaiza zai yi faɗa a kan minti biyar ɗin da aka ɓata. Ya yi ta yi.

TAMBAYA

Baba, ina da injin tsaga katako da yara huɗu. In tsautsayi ya faru yatsa ya cire, me ake fara yi? Wasu sun ce a zuba man birki.

Daga wani kafinta a Zariya.

AMSA

Malam, kada a zuba man birki, ko baƙin mai, ko toka, ko ƙasa. Duk ƙazanta ce da likita zai sha wahalar wankewa. A kashe injin, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Yatsan da ya cire a ɗauke shi, a naɗe a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada kuma a jiƙa shi cikin ruwa tsirara. A wuce babban asibiti nan take, kamar asibitin koyarwa na Shika tunda kana Zariya, ba kemis ba, ba wajen mai ɗori ba. Yankan zarto mai kaifi ya fi ba da damar a mayar da yatsa a kan wanda aka murƙushe, amma awoyi ake ƙirgawa, kuma likita ne zai ce zai yiwu ko ba zai yiwu ba. Kada a ba yaron abinci ko ruwa a hanya, don mai yiwuwa a shiga da shi tiyata, a kuma tuna wa ma'aikatan asibiti allurar tetanus.

Tunda ka rubuto, yaran nan huɗu su ma dokar 2010 ta hau kansu, har da masu koyo. In kana biyansu dubu ɗari biyu gaba ɗaya a wata, abin da za ka zuba wa NSITF naira dubu biyu ne. Ka kuma yanko musu sandar tura katako daga ragowar da ke ƙasan teburinka, ka rataye ta a jikin injin inda hannu zai kai.